Mai Facin Taya a Tashar Tawa

Shekara goma sha ɗaya ina ba tayoyin mutane iska
a bakin tasha, gindin bedin nan mai rabin inuwa.
Na san ƙarar tayar da ta ƙoshi,
na san wadda ke yi wa mai ita ƙarya.
In tsoma tif cikin rabin duro,
in jira kumfa ta tona asirin ƙaya.
Ban taɓa tambayar tawa iskar ba,
ta ina take shiga, ta ina take zurarewa,

sai da wayar Nomau ta yi shiru.
Ƙanena. Ya tafi Jado neman zinariya
da takalmina a ƙafarsa.
Sati shida ba sallama,
sai ƙirjina ya ɗauki buhun albasar Galmi
ba wanda ya biya ni dako.
Sifana na faɗuwa daga hannuna.
Ina haki a zaune kamar kare da bazara.
Likita ya kasa kunne, ya ce zuciyar lafiya lau.
To wa ke zaune a kaina?

Ranar Lahadi Tankari ya kawo tayar amalanke,
tsohon mahaƙin rijiya, ido ɗaya ya yi fari.
Ya dube ni da mai kyan, ya ce,
"Yaro, kana shan iska kamar ɓarawo a randar mutane.
Ni na yi gaba talatin a ƙasa.
Can iska ƴar kaɗan ce,
mai haɗama shi ke fara suma.
Ɗora hannu a cibiya.
Ja ta hanci, yadda ake jan guga,
hannu bayan hannu, har huɗu.
Tsaya a bakin rijiya kaɗan, kada ya zube.
Sannan ka tsiyaye a hankali
kamar mai ba dashen tumatir ruwa."
Bai biya kuɗin faci ba. Ban tambaya ba.

Ranar farko jiri kawai na samu,
yaran tasha suna dariya wai na fara bori.
Rana ta uku kafaɗuna suka sauko daga kunnuwana,
ban ma san sun hau ba.
Na tarar haƙorana a cije
kamar na riƙe wa wani ƙusa.
Sai ga ƙamshin ƙosan Zali daga tsallaken titi,
ashe kullum tana nan,
ni ne ba na nan.

Rana ta tara, a jan guga na biyar,
abin da ya taso ba iska ba ne.
Na zaga bayan injin, na bar shi yana ruri,
na yi kukan da na hana kaina tun tafiyar yaron.
Buhun bai sauka duka ba,
amma an kwance bakinsa.

Jiya wani ɗan kabu-kabu ya zagi uwata kan dala ashirin.
Na ji wutar ta hau wuya.
Na ja, na tsaya, na tsiyaye,
sau uku,
kafin in gama zagin ya sace a bakina.
Na miƙa masa canjinsa.

Nomau bai kira ba har yau.
Numfashi ba ya kawo labari, ba zan yi ƙarya ba.
Sai dai in dare ya raba, Tsahara ta yi barci,
tunani ya fara kewaya gida kamar kura,
nakan kwanta rigingine a tabarma,
hannu a cibiya,
in zura guga cikin duhun kaina.
Kullum da abin da yake tasowa da shi,
ko da rabin ƙwarya ne.

Da safe in koma gindin bedi,
in tsoma tif a ruwa,
ni da shi duka muna sakin iska,
shi ta rauni,
ni da gangan.