Inda Na Ce Ya Tsaya

Ƙarfe tara na dare a Mabera,
janareta na tari, mai saura kwalba guda,
Malam Cika ya aje mini takarda a tebur:
kati ɗari takwas da arba'in, kowane da lambarsa,
kafin kiran assalatu.
Na gidajen da gulbin Rima ya kwana a gonarsu ne.

Da can sai in kama biro
in yi ta rubutu har yatsa ya yi kanta,
in tsallake sittin da tara ban sani ba,
in maimaita ɗari uku,
gobe mutum biyu su tsaya kan lamba ɗaya suna rantsuwa.

Yau baƙin allo na buɗe.
Ba hoto, ba ado,
sai ɗan farin tsinke yana ƙifta ido
kamar yaron shago mai jiran aike.

Na rubuta masa: seq -w 1 840
na danna.

Ban ko sauke numfashi ba
suka zubo,
ɗaya da sifiri biyu a gabansa kamar 'yan rakiya,
biyu, uku, kowa a bayan yayansa,
ba mai ture wani, ba mai cewa ni na riga zuwa.

Abu uku kawai yake tambaya:
ina zan fara, wane taku zan yi, ina zan tsaya.
Na gwada shi biyar-biyar, irin ƙidayar goro, ya yi.
Na ce ya koma da baya,
ya yi ta raguwa kamar rijiya a bazara.

Na tuna kakata Tumba a Kwalkwalawa,
tsakuwa guda, buhun albasa guda,
in ta kai goma sai ta dakata
ta tambayi mai buhun lafiyar ɗiyansa.
Wannan ba ya dakatawa.

Da hantsi, a filin firamare,
lambobina suka yi ƙafafu.
Ɗari biyu da sha bakwai Inna Hassi ce,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya wajen gulbi.
Ɗari biyu da sha takwas an kira sau uku,
wani ya ce a wuce.
Ɗari biyar tana goye da wanda ba ya cikin lissafi.

Da la'asar kati ya ƙare.
Sai ga wani tsoho, Altine suka kira shi,
igiyar akuya a hannu, ba akuyar,
ya miƙo ɗayan hannun.

Na dubi kwalin, wayam.

Allo bai yi kure ba, ko na lamba ɗaya.
Ya fara inda na ce,
ya taka yadda na ce.
Ni na gaya masa inda zai tsaya.