Ƙarnin Jatan Lande a Shafi na Arba'in da Biyu

Ƙarfe huɗu na asuba ake kunna fitilun masana'anta.
Ni da innata, kafaɗa da kafaɗa,
muna ɓare jatan lande a bakin tekun Biloxi,
ƙanƙara na cin yatsu, ƙaya na shiga farce.
Da nauyin bokiti ake biya, ba da nauyin gajiya ba.

Ƙarfe takwas nakan dirje hannu da lemun tsami,
sau uku, har fata ta yi yaushi,
amma ƙarni ba ya jin magiya.
Ya bi ni cikin bas, ya bi ni ajin kimiyya,
ya kwanta a shafi na arba'in da biyu.
Yarinyar da ke gefena ta ja kujerarta.
Ba ta ce uffan ba. Ƙarar kujerar ce ta faɗa.

Sunana Quyen.
A Ca Mau kakata kan kira shi daga cikin kwalekwale,
ya ƙetare ruwa ya same ni a kan gadar gora.
Nan kuwa malami ya iso kansa a rajista,
ya tsaya kamar wanda ya tarar da rami a hanya,
ya tsallake.

Jarrabawar farko na sha ƙasa:
talatin da takwas cikin ɗari.
Na cusa takardar ƙarƙashin buhun shinkafa.
Inna ta gano ta ran Lahadi.
Ba ta karanta Turanci,
amma jan biro yarensa ɗaya ne a ko'ina.
Ba ta yi faɗa ba.
Tun daga ranar, Talata da Alhamis,
sai ta bar ni ina barci a kan littafi,
ta je ta cika bokiti biyu da hannu biyu,
ɗaya da sunanta, ɗaya da nawa.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ba a faɗi wanda ke sayen itacen ba.

Babana, Thuan, yana da jirgin kamun kifi a da,
guguwa ta ɗauka ta ajiye shi a kan itatuwa.
Yanzu ragar wasu yake ɗinki.
Ni ce bakinsa a asibiti, ni ce kunnensa a banki.
Ran da likita ya ce suga ya taɓa idanunsa,
na laluba harsuna biyu
ban sami kalma mai laushi ko ɗaya ba.

A shekara ta biyu kakata ta cika.
Kuɗin jirgi ya fi kuɗin zangon karatu.
Na halarci jana'izarta ta gilashin waya,
a tsugune kan matakalar laburare,
hoton yana tsayawa, yana tafiya, yana tsayawa.
Na share ido, na koma ciki. Washegari akwai gwaji.

Misis Odom, tsohuwar da ke wanke kwalabe a ɗakin gwaji,
ita ta fara tambaya:
"Yaya innarki ke faɗin sunan nan?"
Kwana uku tana murɗa harshe tana dariyar kanta.
A na huɗu ta kira ni daga ƙarshen baranda,
na juya da sauri har na fasa kwalba.

Jiya wasiƙa ta zo.
An ɗauke ni karatun harhaɗa magunguna.
Baba ya kai ta dab da hancinsa, ya kasa gani,
ya ce in karanta. Ya ce in sake.
Inna ta sa ta a leda kada danshi ya taɓa,
ta jingina ta kusa da hoton kakata,
tsakanin lemu uku da turaren tsinke,
ta daɗe tana yi wa hoton bayani ƙasa-ƙasa.

Sannan ta juyo ta ce in kwanta.
Jirage sun shigo da kaya da yawa,
gobe Laraba ce, bokitina na jira.