Taswirar Habsu

An kira mu bakin tabkin Babaye,
Asabar, bayan la'asar.
Injiniya ya shimfiɗa taswirar Tawa bisa tabarma,
ya danne ta da takalminsa kada iska ta ɗauke.
Ya ce: ku faɗi abin da kuke so
nan da damina biyar.

Shiru. Sai wata akuya ta amsa.

Almu tela ya ce a yashe kanibo tun bazara,
ba sai kekensa ya sha laka ba.
Mai tsire ya ce leda ce abokiyar gaba.
Aka kwashe da dariya,
don a leda yake ƙulla wa kowa nama.

Sai Habsu mai ƙosai ta miƙe:
Yaro, naɗe takardarka, zo ka ga tawa.

Muka bi ta har bangon ɗakinta.
Zane uku ruwa ya bari.
Wannan na gwiwa, shekarar da na haifi Zabeiru.
Wannan na ƙugu, shi ya ci mini buhun hatsi.
Na saman ba ta ce komai a kansa ba,
ta dai dafa shi da tafin hannu.

Ruwa ba ya mance hanyarsa, in ji ta,
mu ne muka yi gini a kai.

Injiniya ya zaro abin awo, ya auna, ya daɗe tsugune.
A kan farar takarda, sama da lissafin siminti,
ya rubuta abin da muka sa wa hannu:
kada bangon Habsu ya sami zane na huɗu.

Gabas ta riga ta fara baƙi.
Almu ya tafi aron shebur.