Baƙin Cikin Dutse

Dutsen da Gariba ya kawo mini daga Teshie,
a bokitin ruwan teku, an ɗaure baki da leda,
kuɗin dutse kaɗai na biya.
Ashe fasinjoji ne maƙil a ciki,
babu wanda yaron mota ya gani.

Kwana tara tankin gilashi lafiya lau,
murjani na buɗe baki, kifi biyu na zagaye.
Dare na goma wuta ta ɗauke a Nima,
na naɗe tocila da jar leda,
don an ce jan haske ba ya razana su.
Sai ga unguwa guda ta fito yawo.

Ta farko ruwan hoda ce, tsawon ɗan yatsa,
farin gashi gefe da gefe kamar ƙaiƙayin gero.
Na kai hannu.
Kwana uku yatsana na zogi,
Adiza na cire ƙayar da salatif tana dariya:
"Wa ya aike ki gaisawa da wanda ba ki sani ba?"

Na huce, na zauna na kalle ta.
Ragowar abincin kifi take tsinta,
abin da ya ruɓe a lungu take kwashewa.
Mai shara ce, ba ta tambayar albashi.
Na bar ta.

Wata ta kafa bututu a tsagar dutse,
ta buɗe kai kamar maficin kaba,
inuwata na gilmawa ta shige ɗaki.
Wata ba a ganin jikinta, sai zare-zare
kamar taliya ta zube a yashi.
Wata ta miƙe, ta haɗiye kanta
kamar safar da aka juya.
Su ma na bar su.

Amma jajayen nan masu kalar tsatsa,
falan-falan, ba su fi ƙwayar riɗi ba,
da suka lulluɓe murjani suka tare masa haske,
da siririn tiyo na zuƙe su, safe da yamma.
Ban yarda su mutu a ciki ba,
gawarsu ma guba ce.

Sai kifi ɗaya ya ɓace ran Laraba,
ko ƙaya ban gani ba.
Dare huɗu ina gadi kafin ya leƙo:
gashin baki biyar, jiki na sheƙi
kamar baƙin mai a ruwan kwata,
muƙamuƙi kamar almakashin tela.
Na yanka gorar ruwa, na sa jatan lande tarko.
Masu shara ne suka cika gorar,
shi ko ƙamshi bai ruɗe shi ba.
Na ciro dutsen da safar hannu,
na sa masa guduma a tsakar gida.
Kamu ɗaya da rabi. Kaza ma ta ƙi shi.

Kaka Lantana na jan carbi a bakin ƙofa.
Ta ce, "Kakanki ma haka ya shigo garin nan,
ƙarƙashin tamfol, a motar shanu daga Bawku.
Shekarar da aka ce baƙi su tashi
ba wanda ya haska tocila ya duba,
da mai shara da mai yanka, mota ɗaya."
Ta koma carbinta.

Yanzu na rage wa kifi abinci,
sabon dutse sai ya yi wata guda a bokiti.
Rabin wancan na mayar, da raminsa fayau.

Jiya wani abu ya zuro gashi daga ramin.
Ban san sunansa ba tukuna.
Hantsaki na hannuna na dama,
tocila na hagu,
ina jira ya ƙara fitowa kaɗan.