Tankin Fijon Baba

Shekara goma sha ɗaya tana kwance gindin dogonyaro,
kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
tayoyi sun zauna zaman tsofaffi bayan la'asar.
Ran da muka turo ta daga Mabera
yara na bin mu, wai ina za a kai gawa.

Labbo makanike bai tanka ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta,
sai fason ƙafarsa muke gani.
Can murya ta fito daga ƙasa:
"Inji shina da rai. Tanki na yam mace."

Noti huɗu ne. Uku sun ba da kai.
Na huɗun ya kafe, shi da tsatsa sun yi amana,
sai da aka shayar da shi baƙin mai, ya kwana,
da safe ya saki yana kuka.

Tankin ya sauko a hannun mutum biyu,
baƙi, mara nauyi, kamar tsohon masaki.
Labbo ya girgiza shi kusa da kunnena.
Yashi.
Yashin hanyar Illela, na Wurno ranar kasuwa,
na daren da aka kai Inna asibiti
ina cikinta, ban san ana gudu ba.

A gefen hagu, inda dutse ya taɓa huda shi,
akwai liƙi, sabulu da gam,
ya bushe ya zama ƙashi.
A tsakiyarsa, shatin babban yatsa.

Baba bai iya sa hannu ba, dangwale yake yi.
Hotonsa ɗaya ne, na lasin, shi ma ruwa ya ci.
Na ɗora yatsana a kan nasa.
Nawa ya yi kaɗan.

Sabon tankin daga Kano ya zo, cikin buhu,
yana walƙiya, ba ya wari, bai san kowa ba.
Ya ƙi zama, da tazarar ɗan yatsa.
Labbo ya goga, ya daka, ya yi masa magana
irin ta mai lallashin jaki bakin gada,
har ya shiga.

Galan ɗaya na iya saye.
Kuɗinsa, a zamanin Baba, ya kai ta Kwanni ya dawo
har da canjin goro.

Kiii. Shiru.
Kiii. Tari.
Na uku ta ɗauka, hayaƙi ya tashi,
wata kaza da ta biyo mu ta fice ta taga.

Ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa.
Na ce ya jira.
Labbo ya cika tsohon da ruwa, ya sa zarto,
ya yanko mini wurin, faɗin tafin hannu.
Sauran ya tafi a kilo shida.

Yanzu yana gaban sitiyari, kusa da carbi.
In na hau kwalta mai rami, yakan yi ƙara,
ni kuma in sassauta ƙafa.