Lasifikar da ba ta kara

Wata bakwai ina cusa sidi a gwangwanin madara,
ladan like fuskar wayoyi a Kejetia,
duk saboda abin da ya faru a motar Mutaru:
na sa waƙata, na gyara zama,
kiɗan ya tashi, muryar ta nutse
kamar mai kira daga gindin rijiya.
A ɗakina kuwa ta fi zuma.
Ashe akwatin bikin da na aro wurin Hudu
maroƙi ne,
ko tari na yi sai ya ce madalla.

Ranar Asabar na sauka Adum.
Agyekum mai shago ya dubi takalmina,
sannan ya dubi fuskata, sannan ya yanka kuɗi.
Ya jawo wata ƙatuwa mai fitilu ja da kore,
ya murɗa, gilashin shagon ya kama rawa,
ƙirjina ya amsa.
Na ce, maigida, ba rawa na zo ba.
Mai faɗa min laifina nake nema.

Na ciro waya. Babu waƙa a ciki da na yarda da ita
sai saƙon Inna Lantana na bara,
daƙiƙa arba'in,
tana faɗa kan na bar buta a rana.
Shekara ashirin da shida ina jin muryar nan,
na san inda take karcewa,
na san ɗan fiton da gibinta ke yi in ta ce "sannu".

Ƙatuwar ta ba ta ƙirjin namiji.
Ta biyu, mai ƙyalli, ta wanke ta tas,
ta mai da ita budurwar gidan rediyo.
Ta uku na can ƙasan kanta, 'yan biyu ne, na hannu,
inci biyar, an ƙuje wa ɗaya kusurwa,
ƙofar iskarsu a gaba,
daidai da ɗakin da bango ke taɓa gado.
Ya hura musu ƙura, ya jona.
Inna ta ce "Kai, Sualihu!"
na waiga.

Mai inci takwas ta fi kyau, ban musa ba.
Amma ɗakina a Aboabo taku huɗu ne da rabi,
kuma bayan bangon Malam Tijani ne
da jaririnsa mai saurin farkawa.
Ba a sayen rago da kuɗin zakara.

Dubu biyu da ɗari takwas, in ji shi.
Na juye gwangwani: dubu biyu da ɗari uku,
har da kuɗin motar komawa.
Ya rantse da kabarin kakarsa, na rantse da nawa talaucin,
na kai bakin titi sau biyu.
A na uku ya ce ɗauka, amma ban da igiya.
Da ƙafa na dawo, ɗaya a kowace hammata,
kamar mai kai tagwaye riga-kafi.

Na ɗora su kan bulo biyu,
na yanko soson tsohuwar katifa na sa a ƙasa,
na auna da zaren buhu:
daga wannan zuwa waccan, daga kowacce zuwa kunnena,
murhu mai duwatsu uku, kaina ne na ukun.
Wuta ta ɗauke. Na jira har bayan isha'i.

Da ta dawo na sa waƙar.
Ga fankar silin tana nishi tun daga farko.
Ga akuyar makwabta a baiti na biyu.
Ga inda numfashina ya ƙare na ɓoye da ganga,
ga inda na zame daga murya
wata bakwai ba wanda ya gaya min.

Na daɗe zaune.
Kuɗina na biya aka ci min fuska,
ban taɓa cinikin da ya fi shi ba.

Na rage sauti saboda jaririn,
na kashe fanka, na jawo makirfo,
zufa na bin bayana,
na koma layin farko.