Hanta Ba Ta Kuka

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙin bas a Sheffield,
daga Hillsborough zuwa tsakiyar gari, in dawo, in koma,
tumbina na gaisawa da sitiyari a kowace kwana.
Rufin asiri nake kiransa,
in shafa shi in ce, ai wannan alamar hutu ce da gata.

Wallahi ban taɓa kai kwalba baki ba.
Abin da na fara faɗa wa Dakta Ellwood ke nan
ran da ta shafa mini man sanyi ƙasan haƙarƙarin dama,
ta juyo da allon ta ce, Jibo, duba.
Na ga wani fari yana ƙyalli
kamar kakide ya kwana a bakin tukunya.
Ta ce kitse ne. A hanta.

Na ce ai ba ta taɓa yi mini ciwo ba.
Ta ce halinta ke nan.
Haƙori na kuka, gwiwa na kuka,
ita sai ta haɗiye, ta sake haɗiyewa,
har ta yi tabo, ta ƙandare kamar ƙirgi,
kafin mai ita ya tuna da zamanta.

Daren nan na ƙirga kayan da na ɗora mata:
shayin asuba da cokali huɗu,
soyayyen dankali a takarda a tashar ƙarshe,
lemon gwangwani biyu don kada gyangyaɗi ya sace ni,
tuwon semo ƙarfe goma sha ɗaya na dare,
in wanke hannu, in kwanta.

Suna wani bincike, mutum arba'in suke nema.
Na zaci horon yunwa ne.
Ta ce a'a, ƙarfe za ka ɗaga.
Yadda na fahimta, tsoka rumbu ce:
in tana da faɗi, ita ke kwashe sukarin jini,
in ta zube, baƙon ya rasa masauki,
sai ya sauke kayansa a zauren hanta.

Talata da Juma'a, a wata tsohuwar maƙera da aka share,
ruwan sama na ɗiga a bokiti ta rufin kwano.
Ga Doreen, shekara sittin da takwas, tsohuwar kukun makaranta,
tana ɗaga abin da ya durƙusar da ni, tana tauna alewa.
Ga Gethin, siriri kamar sillen kara,
amma tasa ta fi tawa fari.
Ashe rama ba shaida ba ce,
kuma ba kowace ƙiba ke tafe da cuta iri ɗaya ba.
Mako na farko, matakalar gidana sai da rarrafe na hau ta.

Lantana ta yi dariya har da hawaye:
ka gudo wa garma a Malumfashi,
ka zo Ingila kana dakon ƙarfen da ba a kai shi ko'ina!
Na yi shiru. Na tuna damtsen Baba,
yana da tamanin yana huɗa,
bai san sunan sikeli ba har ya huta.

Mako goma sha biyu. Na hau ma'auni.
Kilo ɗaya da rabi kacal!
Na ɗauki hulata zan fita.
Dakta ta ce, kwanta tukuna, sikeli ba ya ganin ciki.
Ta sake juyo da allon.
Kakiden nan ya dushe, kamar an ɗora tukunyar a wuta.

Ta ce kada in yi guɗa.
Arba'in ba duniya ba ce,
na Gethin ko gezau bai yi ba, ba su san dalili ba,
in kuma na ajiye ƙarfen, baƙon ya san hanya.
Ta faɗa, ta rubuta.

Tumbin na nan, ban rabu da shi ba.
Shayin ya koma cokali ɗaya, wani lokaci biyu, in Lantana ta juya baya.
Amma yanzu in jar danja ta tsayar da ni a gangaren Penistone,
fasinja na zube wa da lema a jiƙe,
nakan sa tafin hannu ƙasan haƙarƙarin dama
in ce, sannu da aiki, baiwar Allah,
shekara hamsin da uku ban taɓa gaishe ki ba.
Ba ta amsawa.
Kore ya kama, in ja mota.